Lambun Gida: A Riƙa Gaya Mana Aikin Da Ke Bayan Shuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a madadin masu lambu a cikin gida, waɗanda gonarsu ba ta wuce bayan ɗaki ko gindin katanga ba.

Ina karanta shafinku na noma kuma ina ƙaruwa da shi. Sai dai duk sa'ad da aka taɓo lambun gida, abu biyu ake nuna mana: yadda za a cika buhu ko bokiti da ƙasa a zuba iri, sai kuma hoton kwando shaƙe da jajayen tumatir. Wata biyu zuwa uku da ke tsakani, na ban ruwa da cirar ciyawa da ɗaure kara da leƙa bayan ganye, ba a cika ambatonsu ba, alhali a cikinsu ne lambu yake kamawa ko ya lalace. Na sha ganin mutum ya fara da zumuɗi, iri ya tsiro, ya yi ta murna, amma kafin a yi nisa sai ka tarar da busassun karare a buhu, shi kuma yana cewa wai hannunsa ne ba ya karɓar shuka. Maganar nan tana damuna ƙwarai. Hannunsa lafiya lau. Abin da zai riƙa yi kowace safiya ne ba wanda ya gaya masa.

Ni ba malamar gona ba ce, ma'aikaciya ce mai iyali, kuma lambun nawa bai fi faɗin ɗakuna biyu ba. Akwai fangalin tumatir da tattasai, layin kuɓewa a jikin katanga, alayyafo da latas a inda inuwa ke sauka da yamma, albasa, karas idan sanyi ya shigo, da kokwamba mai hawa igiya. A kusurwa akwai gwanda, gwaiba, lemon tsami mai aure (wanda aka haɗa reshensa da gindin wani lemon) da gindin ayaba. Abin da zan faɗa a wurinsu na koye shi.

Aikin farko shi ne zagaye. Kafin rana ta ɗaga nakan bi fangali ɗaya bayan ɗaya, ba fartanya ba buta, sai ido da yatsa. Ina duba wanda ya yi yaushi, wanda sabon ganyensa ya nannaɗe, wanda iska ta kwantar, inda ɓera ya tona, da furen da ya buɗe. Mintuna kaɗan ne, amma duk sauran ayyukan daga nan suke fitowa, domin abin da aka gani yau da hannu ake gyara shi, wanda aka gani bayan mako kuwa sai da magani, wani lokacin ma sai dai a tumɓuke. Zuwa da kai ya fi aike. Yaro zai zuba ruwa in an sa shi, amma ba zai lura ganyen tattasai ya fara ƙanƙancewa ba sai an koya masa kallo, kuma koya masa ɗin ma yana cikin aikin.

A ban ruwa aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Ana yayyafawa sama-sama safe da yamma, fuskar ƙasa ta jiƙe, ƙarƙashi kuwa a bushe. Saiwa danshi take bi, don haka sai ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta, ranar da aka manta ba a zuba ba shuka ta kwanta. Gara a ba da ruwa sosai ya ratsa, sannan a dakata har ƙasa ta nemi wani. Ma'aunin da masana ke bayarwa shi ne kimanin lita 25 a mako ga kowace murabba'in mita, a ƙara idan ana tsananin zafi ko ƙasar mai yashi ce. Ni dai na fi yarda da yatsana: in na soka shi har gaɓa ta biyu na ji sanyin danshi, sai in wuce da butata. Shukar bokiti da ta buhu daban ce. Ƙasarta kaɗan ce, tana iya neman ruwa kullum, kuma dole a huda gindin bokitin, in ba haka ba saiwa ta ruɓe.

A gindi ake zuba ruwa, kuma da safe ya fi, saboda ganyen da ya kwana a jiƙe shi fumfuna ke kamawa. Sannan ba kowane yaushi ba ne ƙishirwa. Kabewa da kokwamba sukan saki ganye da tsakar rana ko da ƙasa tana da danshi, zuwa faɗuwar rana su miƙe abinsu. Yaushin safiya shi ne abin tayar da hankali. Shi kam ko ƙishirwa ce ta gaske, ko ruwa ne ya yi yawa ya shaƙe saiwa, ko wata cuta ce a ƙasa.

Akwai wani baƙin tabo da yakan fito a ƙasan tumatir da tattasai, wurin ya lotsa ya yi tauri. Da yawa in sun gan shi sai su garzaya neman maganin feshi, alhali ba ƙwaro ba ne, ba kuma cuta ce mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ƙarshen ɗan tumatirin ba, kuma ruwa ne ke ɗauko shi daga saiwa. Yau a cika ruwa, gobe da jibi a bar ƙasa ta ƙeƙashe, shi ke jawo haka, ko da kalsiyam ɗin yana nan jibge a ƙasa. Wannan rashin daidaiton ne kuma yake tsaga tumatir idan ya sha ruwa da yawa bayan ƙishi, ya sa wa kokwamba ɗaci. Mafita mai sauƙi ita ce a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko busassun ganye, kaurin yatsu uku, a bar ɗan tazara kada su taɓa kara. Danshi zai daɗe, ƙasa ba za ta ɗau zafi ba, ciyawa ba za ta sami hasken tsirowa ba. A dai riƙa ɗagawa ana duba ko gara ta shiga.

Ciyawa ba ta da wani sirri. A cire ta tana ƙarama, bayan ƙasa ta sha ruwa, kuma kada a bari ta zubar da iri. Abin da ya fi wa sabon mai lambu wuya shi ne rage tsiro. Karas ya fito cunkus, kore shar, ga shi an daɗe ana jira kafin ya leƙo, sai a ce ka cire fiye da rabi. Zuciya ba ta so, ni ma har yau ba na jin daɗin yi. Amma in ba a bar santimita 5 tsakaninsu ba, ganye kawai za a samu.

Tumatir shi ya fi cin lokaci. Ranar dashe ake kafa masa sanda, don in an bari ya girma sandar za ta farke saiwa. Ana ɗaure shi da tsumma, sako-sako, ana ƙara ɗauri yayin da yake tsawo. Irin nan mai yin tsawo ba tsayawa yana fitar da toho a tsakanin kara da ganye, ana ɓalle shi tun yana ƙarami domin iska ta ratsa, 'ya'ya su yi girma. Gajeren iri mai yin dunƙule kuwa ba a yi masa haka, in an yi an rage masa haihuwa. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, fure yakan kaɗe bai ɗaura ɗa ba. A nan ne wasu ke ƙara taki suna zaton yunwa ce, su tashi da manya-manyan ganye ba ɗa ko ɗaya. Inuwa yake so da rana tsaka, da ruwa a kan kari, da haƙuri har zafin ya sauka.

Kabewa, kankana da kokwamba suna da fure namiji da fure mace a jikin yaɗo ɗaya. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a bayanta. Namijin yakan riga ta fitowa, ya yi kwanaki yana buɗewa yana faɗuwa, har mutum ya ɗauka shukar juya ce. In macen ta fito amma ƙullin yana yin rawaya yana zubewa, galibi ƙudan zuma ne bai kai mata ziyara ba. Sai a tsinko namiji da sassafe a goga tsakiyarsa a tsakiyarta. Yini ɗaya furen yake yi, wanda bai zagaya da safe ba ya rasa shi.

Ƙwari kuma a bayan ganye suke zama, shi ya sa mai kallon lambu daga bakin ƙofa bai san suna nan ba. Darɓa takan taru a kan sabon toho tana tsotsa, kuma in ka ga kiyashi yana hawa yana sauka a kara, to tana nan, domin gadinta yake yi yana shan ruwan zaƙin da take fitarwa, yadda makiyayi ke tsaron shanu saboda nono. Tana kaɗan ana murje ta da yatsa ko a wanke ta da ruwa mai ɗan sabulu. Farin ƙuda, ɗan mitsitsin nan da ke tashi in an girgiza ganye, ya fi ta haɗari, don shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya yi rawaya ya tsumbure. Wanda ta kama ba ya warkewa. A tumɓuke shi a fitar, don a tsirar da sauran.

Sai tsutsar nan mai shiga cikin ganyen tumatir tana cinye naman ta bar farin tabo, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, an fara ganinta a Sifen a 2006, cikin 'yan shekaru ta bazu har Afirka da Asiya. Tunda a ɓoye take cikin ganye, feshi ba ya samunta da sauƙi, kuma ta saba da magunguna da dama. Mai kadada goma ba shi da lokacin bin ganye ɗaya-ɗaya, amma mai gindi goma yana da shi. Ya tsinke duk ganyen da ya ga tabon, ya ƙulle a leda, ya rufe wurin renon iri da raga irin ta sauro.

Abin da nake tsoro shi ne yadda ake shigo da maganin feshin gona cikin gida, a fesa da yamma, a tsinki ganye da safe a zuba a tukunya. A jikin kwalbar magani an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da ɗiba, da irin amfanin da aka yarda a fesa wa. Mutum nawa ne ke karantawa? Ga yara suna wasa a wurin. Kuma maganin ba ya tantancewa, yana kashe ƙudan zuman da kabewa ke jira, da gizo-gizo, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗige-ɗigen baƙi da ke cin darɓa. Da masu cinta sun ƙare, darɓa ce ke fara dawowa. Ni hannu da ruwan sabulu da jiƙon 'ya'yan darbejiya, wanda nake fesawa da yamma bayan zuma ta koma, su ne iyakata. In abu ya fi ƙarfinsu na gwammace in rasa fangali ɗaya.

In shuka tana ta ramewa ba dalili, a ciro ɗaya a duba saiwa. In ta kumbura ƙulle-ƙulle, wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, mai son tumatir da kuɓewa. Dalili ke nan da ba a maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka cire tumatir a dasa tattasai ba canji ba ne. A bi su da albasa ko masara, a ba wurin shekara biyu ko uku. Taki kuma sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana raba karas gida-gida, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A Amurka dokar noman da ba a sa sinadari ta ce kwana 120 tsakanin zuba shi da ɗibar abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wanda zai ci latas ɗanye ya kamata ya san wannan.

To, yanzu ɗiba, wadda ita ce na fi son a wayar da kai a kanta. Mutane sun ɗauke ta lada ce da ke zuwa a ƙarshe, rana ɗaya a zo da kwando a kwashe. A gonar hatsi haka ne. A lambu kuwa aikin kullum ce, kuma ita ke sa shuka ta ci gaba da haihuwa. Abin da shuka take nema shi ne ta ƙosar da iri. Da zarar an bar ta ta ƙosar, sai ta rage fure ta fara tsufa.

Kuɓewa ce ta fi nuna wannan a fili. Kimanin wata biyu bayan shuka take fara fure, kuma kwana huɗu zuwa shida bayan furen ɗan yakan kai tsawon yatsa. Lokacinsa ke nan. A ƙara masa kwana biyu ko uku ya zama itace, wuƙa ma da ƙyar take ratsa shi. Gwajin shi ne a ɓalle tsinin: in ya karye ƙas, da sauransa, in ya lanƙwashe ya wuce. Duk bayan kwana biyu nake bin layin da doguwar riga saboda ƙaiƙayi, ko da ba na buƙatarta a ranar, kuma wanda ya ɓoye mini ya ƙosa shi ma sai na yanke shi, don barinsa a jiki shi ke tsayar da sauran. Kuɓewar da ake bi haka takan yi watanni tana bayarwa. Ɗanyen wake ma haka, kokwamba ma haka. Ƙatuwar kokwamba ɗaya da ta laɓe ƙarƙashin ganye ta yi rawaya ta isa ta sa yaɗon ya daina ɗaura sababbi, saboda haka sai an ɗaga ganye an leƙa.

Alayyafo yakan kai yanka a mako huɗu ko biyar. Kada a tumɓuke. A yanke sama a bar gindi da 'yan ganye, zai sake tofowa har sau da dama. Latas ana ɓallar ganyen gefe a bar tsakiya. In zafi ya shigo ya fara miƙa kara, ruwansa ya zama fari, ɗaci ya shiga ke nan, ba ya komawa baya. Irin waɗannan ba a zuba irinsu gaba ɗaya. Kaɗan yau, kaɗan bayan mako biyu, sai a yi ta ci ba yankewa.

Da safe ake ɗiba, raɓa ta ɗan bushe, kafin rana ta dafa kaya, kuma nan take a kai inuwa. Ba a wankewa sai za a yi amfani, don danshi ke kawo ruɓa. Tattasai da almakashi ake cire shi, reshensa gautsi gare shi, a fizga ɗaya a ɓalle reshe mai 'ya'ya biyar. Wake kuwa ba a shigarsa yana jiƙe, hannu da riga suna kai cuta daga wannan gindi zuwa wancan.

Tumatir ba sai ya yi ja wur a jiki ba. Da zarar launi ya fara fasowa daga ƙasansa, a cire shi a ajiye a ɗaki inda iska ke ratsawa, zai ƙarasa nuna lafiya, an kuma riga tsuntsu da tsagewa. Ba a shanya shi a rana don ya nuna, domin in zafi ya wuce digiri 30 jan launin ba ya haɗuwa da kyau, sai ya yi rawaya-rawaya. Firji kuma yana kashe masa ƙamshi. Dalilin da ya sa yake nuna a ɗaki shi ne wata iska da yake fitarwa, ana ce mata etilin. Ayaba, gwanda, mangwaro da gwaiba ma suna ƙarasa nuna bayan an cire su ƙosassu. Kankana, lemo, abarba da inabi kuwa yadda aka cire su haka zaƙinsu zai tsaya. Wannan bambancin kaɗai, da an san shi, da an huta da asara mai yawa. Iskar nan ce kuma ke sa ganye da kokwamba su yi rawaya in an haɗa su kwando ɗaya da nunanniyar ayaba.

Tunda kankana ba ta nuna a ɗaki, sai a karanta alamarta: ɗan zaren da ke kusa da maƙogwaronta ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya tashi daga fari ya koma rawaya. Albasa ita ma tana faɗa da kanta. In wajen rabin ganyen ya kwanta, a daina ba ta ruwa, bayan 'yan kwanaki a cire a baza a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku har wuya ya bushe ƙayau. Mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa, ita za a fara ci.

Itatuwa ba sa neman hannu kullum, amma suna neman ido. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara guda, sai dai ba a gane jinsinta sai ta yi fure: na namiji ƙanana ne a dogon tsinke, na mace babba ne manne da kara. Shi ya sa ake shuka biyu ko uku a rami, daga baya a rage. Ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi ko na kwana biyu. Ana cire ta da zarar zanen rawaya ya bayyana, kafin jemage ya rigaye ka. Karan ayaba sau ɗaya yake haihuwa. In kusurwoyin 'ya'yan sun cike sun yi zagaye, a yanke nonon, a sare karan a daddatsa a gindi, a bar 'ya ɗaya babba da ƙarama ɗaya, sauran a cire. Lemo mai aure a riƙa ɓalle duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, don na uwar gindin ne, in an bar shi zai rinjayi na sama. Kada kuma a tara masa ƙasa a jikin kututture. A wuri mai zafi lemon zaƙi yakan nuna yana kore, don sanyin dare ne ke juya masa launi, saboda haka ɗanɗano ne alƙali.

Gwaiba kuwa, duk wanda ya taɓa fasa kyakkyawa ya tarar da tsutsa ya san ciwon. Wani ƙuda ne ke soka fatar ya zuba ƙwai. In gwaibar ta faɗi, tsutsar ta shige ƙasa, bayan kwanaki ta fito ƙuda ta koma sama. Tsince waɗanda suka faɗi kowace safiya, a ƙulle su a baƙar leda a bar ta a rana, shi ke yanke wannan zagayen. Waɗanda ke sama kuma a sa musu jakar takarda tun suna ƙanana. Aiki ne mai gundura, amma ban san wanda ya fi shi biya ba.

Akwai lokacin da komai zai zo gaba ɗaya, tumatir ya cika tire, kuɓewa ta fi ƙarfin gida. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya salwanta yake yi, kuma kayan lambu da 'ya'yan itace suna cikin waɗanda suka fi salwanta. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na su a yini, mutane da yawa ba sa samu. Don haka ina jin nauyin in ga abin da na raina da hannuna ya ruɓe a kwando. Wanda za a yanka a shanya a yi shi ranar da aka ɗebo, wanda za a dafa a adana a dafa, sauran a miƙa wa maƙwabta yana da kyansa, ba sai ya fara laushi ba. Iri kuma daga shukar da ta fi lafiya ake ɗauka, a bar ta ta ƙosa a ƙarshen zango, a busar a inuwa. In an rubuta F1 a takardar irin da aka sayo, wato irin da aka haɗa daga iyaye biyu daban-daban, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba.

Wani zai ce aikin ya yi yawa. In an jera shi a takarda haka yake, amma ba rana ɗaya yake faɗowa ba, kuma girman lambun ne ke yanke hukunci. Shawarata ga mai farawa ita ce ya yi daidai wanda zai iya zagayawa kafin ya fita aiki, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, kusa da ruwa, kusa da inda yake wucewa kullum. Lambun da ke can ƙarshen gida, inda sai an yi niyya ake zuwa, shi ake fara mantawa.

Malam Edita, ba ƙaramin abu ba ne muke magana a kai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi lambuna wajen miliyan 20 a gidaje da filayen unguwa a Amurka, kuma an ƙiyasta sun samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun ƙasar. A Ingila, cikin 1945, ma'aikatar gona ta riƙa fitar da ɗan littafi kowane wata tana gaya wa masu lambu aikin da ke gabansu a wannan watan. Sun gane cewa raba iri ba ya isa sai an bi mutum da bayani.

Irin wannan nake roƙon ku yi mana. Ku ware ɗan gurbi a shafin noma, ko da rabin shafi ne sau biyu a wata, a riƙa faɗin abin da ya kamata a shuka yanzu, abin da za a rage, ƙwaron da ke tashe da hoton bayan ganyen da ya kama, da alamar da ke nuna abu ya kai ɗiba. Ku gayyato malaman gona su amsa tambayoyin masu bokiti biyar yadda suke amsa na masu kadada. Ku bar masu karatu su aiko da hoton shukar da ta ƙi, don a gano dalili. In kuma za a fara, don Allah a fara da kwanakin jira tsakanin feshi da ɗiba, a buga su da manyan haruffa.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Taku,
Mai karanta jaridarku, mai ɗan lambu a bayan ɗaki.